Kafin 'yan gwangwan su riga mu: a ware kan jirgin ƙasa ɗaya a adana a Zariya

Aikin sabon layin dogo daga Kaduna zuwa Kano, da wanda zai tashi daga Kano ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya ya shiga Maraɗi, abin farin ciki ne. Duk wanda ya san wahalar hanyar mota a Arewa zai yi fatan Allah Ya nuna mana ranar da za a gama. Sai dai sabon layin zai zo da wani abu da ya kamata mu yi tunaninsa tun yanzu. Faɗin tsohon layinmu milimita 1,067 ne, na sabon kuwa milimita 1,435. Kan jirgin da aka ƙera domin tsohon layi ba zai hau sabo ba ko da lafiyarsa ƙalau. Duk ranar da aka kammala ƙaura zuwa sabon layi, tsofaffin kawunan jirgi masu amfani da man dizal sun tashi daga aiki ke nan, kuma mun san inda ƙarfen da ba shi da mai tsaronsa yake ƙarewa a ƙasarmu. A kan sikelin 'yan gwangwan yake ƙarewa.

Roƙona ba mai yawa ba ne. A zaɓi kan jirgi guda ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aiki a layukan Arewa, a cire shi daga jerin kayan gwanjo, a kai shi ƙarƙashin rufi a Zariya, a haɗa shi da takardunsa da muryoyin mutanen da suka tuƙa shi da waɗanda suka gyara shi. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Dubai, ba injiniya ba, kuma na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska. Abin da ya haɗa mu shi ne, aikina ya koya mini cewa yadda mutane ke riƙe tsohon abu shi ne yadda za su riƙe sabo. Zan dawo kan wannan, amma bari mu fara da aikin da waɗannan injina suka yi mana.

Layin dogo ya iso Kano a 1911. Daga nan ya miƙa zuwa Ƙaura Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930, sannan a 1964 aka kammala na Maiduguri. A shekarun farko duka jiragen na tururi ne. Kan jirgin tururi kuwa abu biyu yake ci ba ƙaƙƙautawa, kwal da ruwa. Kwal ɗin daga Inugu ake haƙo shi, sai an jawo shi ɗaruruwan kilomita kafin ya iso Zariya ko Kano, wato jirgi ne yake ɗauko abincin jirgi a taragun da ya kamata su ɗauki kaya. Ruwa kuma kowa ya san halin da ƙasar Nguru da Ƙaura Namoda ke shiga da rani. Kowace tasha sai an tanadar mata tanki da famfo, kuma kafin jirgi ya tashi da asuba sai an kwashe sa'o'i ana hura wuta a tukunyarsa.

Dalar gyaɗar Kano da muke alfahari da hotonta, wadda guda ɗaya kan kai buhu 15,000, tana da wani labari da ba a cika faɗa ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu jiragen sun tsufa, sun gaji, kayan gyara sun yi wuya. Gyaɗar da manoma suka noma, wadda su Alhassan Ɗantata da sauran 'yan kasuwa suka saya, ta fi ƙarfin abin da jirgi ke iya kwashewa zuwa Ikko. Buhuna suka riƙa taruwa, gyaɗar bara tana jiran jirgi har ta bana ta same ta a fili. Ba Kano kaɗai abin ya shafa ba, domin gyaɗar Maraɗi da Damagaram ma ta Kano take bi ta kai bakin teku, har sai da Faransawa suka fara karkatar da wani kaso nata ta hanyar Parakou da Kwatano a farkon shekarun 1950. Tsayin dala shaidar albarkar noma ne, kuma shaidar ƙarancin jirgi ne.

A cikin wannan yanayi dizal ya shigo. A 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, kamfanin English Electric na Ingila ya kawo kawunan jirgi 10, kowanne da ƙarfin doki 750. A 1958 aka shigo da samfurin G12 na kamfanin General Motors na Amurka. A farkon shekarun 1970 aka sayo guda 54 samfurin MX615 daga Montreal ta ƙasar Kanada. A zamanin Abacha aka kawo guda 50 daga birnin Dalian na Sin, sannan a 2010 aka karɓi guda 25 na kamfanin General Electric. Kowane rukuni da lambarsa a jiki, kuma tsofaffin ma'aikata da lamba suke kiransu, kamar yadda makiyayi ke kiran shanunsa da suna.

Mutane da yawa sun ɗauka kan jirgin dizal babbar mota ce kawai aka ɗora a kan dogo. Yawancinsu ba haka suke aiki ba. Injin dizal ɗin da ke ciki janareta yake juyawa. Janaretan ya samar da wutar lantarki, wutar ta bi waya ta sauka zuwa wasu injinan lantarki da ke maƙale a jikin ƙafafun jirgin, su ne suke juya ƙafafun. Ma'ana tashar wutar lantarki ce mai tafiya da kanta. Shi ya sa babu canjin giya irin na tirela, kuma shi ya sa yake iya tayar da taragu masu nauyin ɗaruruwan tan daga tsaye cikin natsuwa. Akwai ma akwatin yashi a jikinsa, idan dogo ya yi santsi da damina ko a hawan tudu, direba ya saki yashi a gaban ƙafafun don su kama. Ba ya neman kwal, ruwansa na lagireto ne kawai, kuma direba zai iya tayar da shi cikin 'yan mintoci. Babu yankin da ya ci moriyar wannan sauyi kamar Arewa.

Ku tambayi iyayenku abin da waɗannan injina suka ja. Gyaɗa da auduga da fatu da shanu sun gangara Kudu. Goro da gishiri da siminti da atamfa sun hauro Arewa. Unguwannin Hausawa na Agege da Sabo ta Ibadan da Shagamu sun ginu a kan wannan kai-komo. Ɗalibai sun tafi makaranta a jirgi, sojoji sun tafi bariki, amare sun tare, masu talla a Kafanchan da Minna da Funtuwa sun ciyar da gidajensu da cinikin da suke yi ta tagar tarago. A 1964 jiragen ƙasan Najeriya sun ɗauki fasinjoji sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Shekara 10 bayan haka fasinjojin sun koma kimanin miliyan 4, kayan kuma sun dawo tan miliyan 1 da 'yan kai. Daga nan aka yi ta gangarawa, har gwamnati ta ɗauko kamfanin RITES na Indiya ya riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982. Jirgin Ikko zuwa Kano, tafiyar kilomita 1,126, ya tsaya cik na shekaru kafin a dawo da shi a Disambar 2012.

Yadda kan jirgi yake mutuwa ya yi kama da yadda marar lafiyar da aka yi sakaci da shi yake mutuwa. Ba a rana ɗaya ba ne. Lokacin juyen mai ya yi, babu mai, sai a ce ya ƙara tafiya ɗaya. Matatar iska ta toshe da ƙurar hunturu, babu sabuwa, sai a kakkaɓe a mayar. Wata rana ƙaramin abu ya lalace, a tura shi gefe a ce sai kayan gyara sun iso. Kafin su iso wani kan jirgin ya buƙaci famfon mai, sai a cire na wannan a saka masa. Wata mai zuwa a cire batir, bayan nan a cire injin ƙafa ɗaya. Wanda aka ajiye don ciwon kwana biyu ya zama rumbun safaya. Idan ma'aikata sun gama ɗibar nasu bisa larura, ɓarayi su zo da dare su zare wayoyin tagulla, ruwan sama ya shiga ta tagar da aka fasa, ciyawa ta fito ta tsakanin ƙafafunsa. Wanda ya taɓa ratsa harabar tsohuwar tasha a garuruwanmu ya ga irin waɗannan gawarwaki.

Kada wani ya ce ai ƙarfe ne, dole ya mutu. A asibitocin Dubai muna aiki da 'yan ƙasar Siri Lanka da yawa, kuma a ƙasarsu akwai amsar wannan magana. Sun fara karɓar samfurin G12 daga Kanada a 1954, irin wanda Najeriya ta saya a 1958. Galibin nasu sun haura shekara 60 suna jan jiragen fasinja, har jama'a sun san su da sunayen lardunan Kanada da aka rubuta a jikinsu. Siri Lanka ba ta fi mu arziki ba, ba ta da man fetur, ta kuma yi yaƙin basasa na sama da shekara 25. Abin da suka yi shi ne duba inji a kan lokaci, da rubuta abin da aka yi masa, da koya wa yaro aikin kafin babba ya yi ritaya. Rigakafi ya fi magani, a jikin mutum da a jikin inji.

Nan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ma akwai darasi, kuma ba irin wanda masu yawon buɗe ido ke ɗauka a waya ba ne. Kowa ya san jirgin cikin gari na Dubai da aka buɗe a 2009, mai amfani da lantarki, wanda ba shi da direba. Amma da ƙasar ta tashi gina layin ɗaukar kaya, dizal ta zaɓa. Kamfanin Etihad Rail ya karɓi kawunan jirgi 7 samfurin SD70ACS a 2013, suka fara jigilar farar wuta daga Shah da Habshan zuwa tashar ruwa ta Ruwais, tafiyar kilomita 264. Daga baya aka ƙaro 38, suka zama 45, kuma a Fabrairun 2023 aka ƙaddamar da layin da ya kai kimanin kilomita 900, daga Guwaifat a iyakar Saudiyya zuwa Fujaira. An ƙera su da matatun iska na musamman saboda yashi da zafin hamada, matsalar da direbobin Nguru suka sani tun kafin a haife ni. Irinsu ne ke jan jirgin tama a Muritaniya. A cikin cikinsu kuwa tsarin nan ne dai: inji, janareta, injinan ƙafa. An ƙara musu kwamfuta da ƙarfi, amma yaron da ya fahimci tsohon MX615 ya riga ya san hanyar shiga gidan.

Wannan ne dalilina na farko na neman a adana guda ɗaya. A makarantar koyon jinya ba a fara ba mu marar lafiya mai rai ba. Da ƙwarangwal muka fara, da mutum-mutumin roba, muka taɓa, muka kwance, muka mayar. Jiragen da ke aiki a layin Abuja zuwa Kaduna tun 2016 da dizal suke tafiya, kuma za a daɗe ana buƙatar masu gyaran irinsu. Babu hukumar da za ta bar ɗalibi ya kwance sabon kan jirgi don ya koyi aiki. Tsoho kuwa za a iya buɗe masa ciki, a shafa wa kowane sashe launinsa, a nuna wa ɗalibi inda mai ke bi, inda iska ke bi, inda wuta ke bi. Da tsohuwar zuma ake magani. Zariya kuma ita ce wurin da ya dace, domin mahaɗar layuka ce tun farko, a nan hedikwatar shiyyar Arewa ta hukumar jiragen ƙasa take, ga Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa da aka kafa a 1986, ga sashen injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli. Ɗaliban da za su amfana suna iya zuwa da ƙafa ko a Keke Napep.

Dalili na biyu shi ne tarihi. Mun yi ƙoƙari wajen adana na tururi. A tashar Minna akwai ƙaramin kan jirgin da ya yi aiki a layin Zungeru tun 1901. A gidan tarihi na Jos akwai kayan ƙaramin layin nan da ya haɗa Zariya da Jos, wanda aka rufe a 1957. A Ebute Metta ta Ikko masu sa kai sun gyara wani tsohon gidan ma'aikatan reluwe, Jaekel House, suka mai da shi ƙaramin gidan tarihi. Duk waɗannan na zamanin Turawa ne. Zamanin dizal kuwa namu ne. Yawancin injinan bayan samun 'yanci aka saye su, da kuɗin ƙasa, 'yan ƙasa suka tuƙa su, 'yan ƙasa suka gyara su. Matsalar dizal ita ce ba shi da kwarjinin na tururi, ba ya huci, ba ya fitar da farin hayaƙi, kuma bai tsufa a idonmu har ya zama abin mamaki ba. A daidai wannan tsakanin ne ake asarar kaya, lokacin da abu ya daina amfani amma bai kai a kira shi kayan tarihi ba.

Wasu ƙasashe sun gane haka da wuri. A 1955 ɗin nan da English Electric ya ƙera mana guda 10, ya ƙera wa Ingila wani kan jirgin gwaji mai suna Deltic. Shekara 6 kawai ya yi aiki, amma yana nan a gidan tarihin jiragen ƙasa nasu har yau. Daga cikin 22 da aka ƙera a kan samfurinsa, 6 sun tsira, kuma yawancinsu masu sha'awa ne suka haɗa kuɗi suka saya daga hannun hukuma. Idan kun ce Ingila ta yi mana nisa, ga Saliyo. An rufe layin dogonsu a tsakiyar shekarun 1970, amma aka killace wasu kawunan jirgi da taragu a rumfar gyara ta Cline Town a Freetown. Suka tsallake yaƙin basasa na 1991 zuwa 2002, kuma a 2005 aka buɗe wurin a matsayin gidan tarihi. Rufi da ƙofa ne suka cece su. Alhazanmu kuma da suka ziyarci Madina sun san tsohuwar tashar jirgin Hijaz, layin da ya iso daga Dimashƙa a 1908. Jirgin ya daina zuwa fiye da shekara 100, amma an gyara tashar an mai da ita gidan tarihi.

Dubai da ake yi wa kallon garin sabon abu ita ma tana riƙe da tsoho. 'Yan kasuwarmu da ke sauka Deira sun san kwale-kwalen katako da ake kira abra, mai ɗan injin dizal, wanda ke tsallakar da mutum zuwa Bur Dubai. Ga gadoji, ga hanyar ƙarƙashin ruwa, ga jirgin lantarki, amma an bar abra yana aikinsa. A Sharja an mai da filin jirgin sama na farko, wanda aka buɗe a 1932, gidan tarihi na Al Mahatta, da tsofaffin jirage a cikin rumfarsa. A tashar ruwa ta Rashid kuma ga katafaren jirgin ruwan nan Queen Elizabeth 2, wanda aka sauya masa inji daga tururi zuwa dizal da lantarki a 1986 zuwa 1987. Ya iso Dubai a 2008, ya yi kusan shekara 10 a ɗaure ana ta raɗe-raɗin za a sayar da shi a yanka, sai a 2018 aka buɗe shi a matsayin otal. Abin da na ɗauka daga labarinsa shi ne, ko masu kuɗi sukan yi jinkiri, amma muddin ba a sa wa abu wutar yanka ba, akwai sauran dama.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace nauyi a wurina. Za a ce a ƙasar da mace ke mutuwa wajen haihuwa saboda babu jini, a ƙasar da yara ke fama da tamowa, wane mai hankali ne zai yi maganar fentin tsohon jirgi? Na yi aiki a gida kafin in fito, na san wannan ciwon fiye da mai faɗa. A wani asibiti da na yi aiki, akwai ɗakin da aka tara na'urori da suka daina aiki: ta ɗumama jariran bakwaini, ta tsotse majina, ta samar da iskar numfashi. Da yawansu ƙaramin abu ne ya lalace. Babu wanda ya san ranar da aka saye su, babu takardar da ta nuna wa ya taɓa duba su, kuma idan ta wani ɗaki ta tsaya, nan ake zuwa a ciri abin da za a cira. Wallahi labarin kan jirgin nan ne sak. A inda nake aiki yanzu kowace na'ura da 'yar takarda manne a jikinta, an rubuta ranar da aka duba ta da ranar da za a sake dubawa, kuma idan ranar ta wuce ba ni da izinin sa wa marar lafiya ita. Cutar da ta kashe jirgin ita ce take kashe na'urar jarirai. Wurin da zai nuna wa yara dubu a shekara abin da kulawa ke yi da abin da sakaci ke yi ba kishiyar asibiti ba ne.

Batun kuɗi kuma, a duba da kyau. Kan jirgin mallakar gwamnati ne, ba saye za a yi ba. Ba kuma cewa na yi a tayar da shi ya riƙa tafiya ba, wannan aiki ne mai tsada da za a iya bari sai gaba. Abin da ake buƙata a matakin farko shi ne guntun dogo da zai tsaya a kai, da rufin kwano, da shinge, da mai gadi. Kuɗin da za a samu idan aka sayar da shi a kilo sau ɗaya za a karɓa, a kashe, a manta. Wasu kuma za su ce reluwe kayan mulkin mallaka ne, an gina shi don kwashe arzikinmu. Gaskiya ne, kuma da aikin tilas aka gina layin Baro zuwa Kano, talakawa aka ɗebo daga ƙauyuka ta hannun sarakuna. To ai wannan ma dalili ne na a sami wurin da za a faɗa wa yara haka, a gaban abin da za su iya taɓawa. Gani ya kori ji.

Ga yadda nake ganin za a bi. Da farko hukumar jiragen ƙasa ta sa tsofaffin ma'aikatanta su zagaya Zariya da Kano da Kaduna da Kafanchan, su rubuta lambar kowane kan jirgi da ke ajiye da halin da yake ciki. Daga ciki a zaɓi wanda ya fi cika, ko da bai fi kowanne tsufa ba. Idan an sami na rukunin 1955 ko 1958, alhamdu lillahi. Idan babu, MX615 ya isa, kuma ko na Dalian bai kamata a raina ba, domin shekara 30 nan gaba shi ma zai zama abin nema. Sai a rubuta a takarda cewa wannan lamba ta fita daga gwanjo, a sanar da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda ke kula da Gidan Makama a Kano, ta sa shi a rajistarta. A tsiyaye mai da ruwan da ke cikinsa, a toshe kafofin da ruwan sama da ɓeraye ke shiga, a haɗa masa tarago ɗaya na kaya da ɗaya na fasinja, don yaro ya ga inda buhun gyaɗa ya kwanta da bencin da kakarsa ta zauna.

Sai takardu. A wurinmu marar lafiyar da ya zo babu fayil rabin magani ya ɓace, domin ba ka san me aka taɓa ba shi ba. Kowane kan jirgi yana da kundin da ake rubuta tafiyarsa da gyaransa. Akwai jadawalin jirage, da tikitin kwali, da littattafan koyar da gyara, da hotuna. Irin waɗannan takardu gara da ɗigar ruwa ke cinyewa a ofisoshin da aka kulle, ko a wayi gari an ƙunsa ƙosai da su. Kwali goma da ɗaki mai busasshen ƙasa sun isa su cece su, kuma wayar hannu ta isa a ɗauki hoton kowane shafi.

Abin da ya fi gaggawa shi ne mutane. Wanda ya fara aikin reluwe yana ɗan shekara 20 a 1972, lokacin da injinan Kanada suke sababbi, yau ya haura 70. Direbobi, da makanikai, da masu ba da hannu, da masu duba dogo da ƙafa, suna nan a Sabon Gari da Tudun Wada da Fagge da unguwannin ma'aikatan reluwe, wasu suna fama da hawan jini da ciwon suga da jiran fansho. Su ne suka san wane tudu ne jirgi ke shan wahala a kai, da yadda ake gane ciwon inji daga sautinsa, da abin da ake yi idan birki ya ƙi a gangara. Ba a rubuta wannan ilimi a ko'ina ba. Na zauna a gefen gadon tsofaffi da yawa, na san yadda labari ke tafiya da mai shi, wani lokaci tun kafin rai ya fita, idan mantuwa ta riga ta shigo. Ƙarfe zai iya jiran shekara biyar a ƙarƙashin rufi. Tsoho ba shi da wannan tabbacin.

A nan ne mu mazauna waje da iyalanmu na gida muke da abin yi wanda ba sai mun jira kowa ba. Idan akwai tsohon ma'aikacin reluwe a danginku ko a unguwarku, ku tura yaro da waya ya zauna da shi, ya gaishe shi yadda ya kamata, ya ce Baba a ba mu labarin aiki. A tambaye shi shekarar da ya fara, da layin da ya bi, da lambobin injinan da ya riƙe, a ɗauki muryarsa da izininsa, a ɗauki hoton duk takardar da ya adana. Wanda ke zaune kusa da tasha, ya nemi izinin ma'aikata ya ɗauki hoton kawunan jirgin da ke ajiye yadda lambar za ta fito. Ƙungiyoyinmu na 'yan gari a Dubai da Jidda da Landan da sauran wurare, waɗanda suka saba haɗa kuɗin rijiya da na marayu, za su iya ɗaukar nauyin rufi idan hukuma ta ware injin a rubuce, kuma a biya mai aiki kai tsaye bayan an ga aiki. Injiniyoyinmu da ke aiki a ƙasashen Larabawa da Turai su ba da shawara kyauta. 'Yan majalisar da ke wakiltar Zariya da Sabon Gari kuwa, wasiƙa ɗaya daga ofishinsu za ta iya tsayar da gwanjon lamba ɗaya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan muka bari sai ranar bikin buɗe layin Kano zuwa Maraɗi sannan muka tuna da tsohon jirgi, za mu je mu tarar an riga an yanka shi an narkar, ya zama rodin gini. Ina roƙon hukumar jiragen ƙasa, da gwamnatocin Kaduna da Kano, da masarautar Zazzau, su sa baki tun injinan suna tsaye a kan ƙafafunsu, tun masu labarinsu suna iya magana. Allah Ya jiƙan ma'aikatan da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba waɗanda ke raye lafiya, Ya kuma ba mu ikon riƙe amanar abin da za a damƙa mana.